Mutuwar Hodor a bakin ƙofa: sadaukarwa ya yi ko tilas aka yi masa?

Mai Bibiya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da farko ina roƙon duk wanda bai kai zango na 6 na shirin talabijin na Game of Thrones ba ya dakata a nan, domin maganar da zan kawo za ta tona masa abin da ya fi kyau ya gani da idonsa.

A makon nan na sake kallon kashi na 5 na zango na 6, wanda tashar HBO ta fara nunawa ranar 22 ga Mayu, 2016, wato kashin da Hodor, ƙaton da yake goyon Bran, yaron da ba ya iya tafiya, ya mutu yana tokare da ƙofar kogo. Na ɗauka tunda na riga na san abin da zai faru, zuciyata ba za ta karye kamar karon farko ba, amma sai na tarar abin ya fi yi mini nauyi, kuma dalilin nauyin ya sauya. A karon farko kukan rabuwa na yi da bawan Allahn da bai taɓa cutar da kowa da son ransa ba. A wannan karon kuwa, abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan mintocin da suka gabaci ƙofar. Meera, abokiyar tafiyar Bran, tana harhaɗa kaya, tana yi wa Hodor hirar abin da za su ci idan sun fita daga kogon, shi kuma yana murmushi, sai ta lura numfashinsu ya fara fita kamar hayaƙi saboda sanyin da ya sauko. Da rundunar matattu ta afka musu, Hodor bai miƙe ya yi wata jarumta ba. Zama ya yi yana rawar jiki yana nanata sunansa, har sai da Bran, wanda ruhinsa yake can farfajiyar gidansu na Winterfell ta shekarun baya, ya ji muryar Meera ya shiga jikinsa. Idanun Hodor suka yi fari, sannan ya tashi ya kama katakon da ake jan Bran a kai.

To, ga tambayata. Tun daga ranar da aka nuna kashin, mafi yawan masu kallo suna kiran abin da ya faru sadaukarwa, suna cewa Hodor ya ba da ransa domin ya ceci yaron da ya daɗe yana goyo. Amma idan Bran ne yake cikin jikinsa, wa ya riƙe ƙofar? Idan kuma tun yana yaro mai suna Wylis aka dasa masa wannan umarni a kai, har ya rasa kowace kalma sai ita, ina zaɓin da za a yaba masa a kai? Ina so in ji ra'ayinku a kan wannan, da kuma hasashen da ya biyo baya, musamman batun cewa Bran ne ya haukatar da Sarki Aerys, wanda ake kira Mahaukacin Sarki, domin har yanzu ina ganin masu kare wannan magana.

Tsohon Makaranci ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kin taɓo wurin da yake yi mini ƙaiƙayi tun 2016, kuma zan faɗi matsayina ba tare da kewaye-kewaye ba: tilas aka yi wa Hodor, kuma kiran abin sadaukarwa yana rage wa Bran laifin da ya kamata ya ɗauka.

Hujjata ba daga wannan kashi kaɗai take ba. Karon farko da Bran ya shiga jikin Hodor shi ne a kashi na 9 na zango na 3, a shekarar 2013, lokacin da suka ɓuya a wata tsohuwar hasumiya, tsawa ta firgita Hodor ya fara ihu, ga kuma mutanen bayan Ganuwa, wato katangar ƙanƙarar da ke arewacin ƙasar, a waje tare da Jon Snow. A nan ana iya yi wa Bran uzuri, domin shi kansa bai san yadda ya yi ba, kuma Jojen, ɗan'uwan Meera, ya gaya masa cewa babu wanda aka sani yana iya shiga jikin mutum, dabbobi kawai ake shiga. Amma a zango na 4, a gidan Craster, da saninsa ya yi. Ya shiga jikin Hodor, ya tsinke sarƙar da aka ɗaure shi da ita, ya karya wuyan Locke. Ki sake duba abin da ya biyo baya: da Bran ya fita, Hodor ya tsaya yana kallon hannayensa da jini a kansu, fuskarsa cike da ruɗani da tsoro. Mutumin da tsawa take sa shi kuka an mayar da shi makami, kuma babu wanda ya nemi yardarsa, babu wanda ya ba shi haƙuri daga baya.

Littattafan George R. R. Martin, waɗanda aka gina shirin a kansu, sun fi shirin fitowa fili a kan wannan. A littafi na biyar, wanda ya fito a 2011, an buɗe labari ne da wani mai shiga jikin dabbobi mai suna Varamyr, wanda malaminsa ya koya masa cewa ƙwace jikin ɗan'adam shi ne mafi munin haramcin da ke cikin wannan baiwa. A cikin littafin kuma an nuna Bran yana shiga jikin Hodor a ɓoye, ba don wani haɗari ba, sai don kawai ya ɗanɗana tafiya da ƙafafu, yana jin Hodor na ainihi ya maƙale a wani lungu na kansa cikin tsoro. Marubucin da ya jera waɗannan abubuwa biyu a littafi guda ba ya nufin mu ɗauki abin da wasa.

Sai kuma yadda masifar ta faro. Babu wanda ya aiki Bran. Kowa yana barci ya kama saiwar bishiyar shi kaɗai, ba tare da Hankaka Mai Ido Uku, tsohon da yake koyar da shi daga cikin bishiyar, ba, ya je ya tsaya a tsakiyar rundunar matattu, Sarkin Dare, shugaban rundunar, ya kama hannunsa ya bar masa tabo, kuma wannan tabon ne ya karya tsarin da yake kare kogon. A dare ɗaya Summer, kerkecin Bran, ya mutu, Leaf ta mutu tare da sauran 'Ya'yan Daji da ke wurin, tsohon da ke cikin bishiya ya mutu, Hodor ya mutu. Na san yaro ne, na san kuma ya gaji da zaman duhu, amma rashin haƙurinsa ne ya jawo duka wannan. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ya faru a kashi na 4 na zango na 7, lokacin da Meera ta zo yi masa sallama a Winterfell. Ta lissafa masa waɗanda suka mutu dominsa, har da ɗan'uwanta da Hodor, shi kuwa abin da ya iya ba ta shi ne godiya mai sanyi, har ta ce masa ai shi ma a kogon ya mutu. Wannan ne mutumin da aka naɗa sarki a kashi na 73, wato na ƙarshe, ranar 19 ga Mayu, 2019, kuma ba mu taɓa ganin ya zauna ya yi jimamin Wylis ba.

Mai Lissafin Zamani ya amsa:

Malam, na yarda da kai cewa shiga jikin Hodor zalunci ne, ban da ja a kan wannan. Inda muka rabu shi ne ɗora wa Bran alhakin ƙofar kamar yana da wata hanya da ya ƙi bi.

Mu tuna cewa tun zango na farko, a 2011, Hodor ba ya faɗin komai sai Hodor. A lokacin Bran bai taɓa jin labarin kogon ba, bai san yana da wata baiwa ba. Ke nan sakamakon ya riga sababinsa bayyana. A kashi na 3 na zango na 6, a gindin hasumiyar da aka tsare Lyanna, gwaggon Bran, Bran ya kira mahaifinsa, Ned yana matashi ya waiga kamar ya ji wani abu, sai tsohon ya gaya wa Bran cewa abin da ya wuce an riga an rubuta shi, tawada ta bushe. Mutane da yawa sun fahimci wannan magana a matsayin cewa Bran ba zai iya taɓa abin da ya wuce ba. Kashin ƙofa ya nuna mana ma'anar da ta fi wannan tsauri: yana iya taɓawa, amma duk abin da ya taɓa dama can yana cikin rubutun. Babu wata duniya da Wylis ya girma da bakinsa sannan Bran ya zo ya ɓata ta. Zaren guda ɗaya ne, an ƙulla ƙarshensa da farkonsa.

Idan akwai wanda ya san abin da yake yi a daren nan, to tsohon ne, wanda Max von Sydow ya fito a matsayinsa. Ya san Sarkin Dare yana tafe, ya san lokaci ya ƙure, amma cikin dukan abubuwan da zai iya nuna wa Bran, sai ya kai shi farfajiyar Winterfell ranar da ake sallamar Ned zai tafi Vale, inda babu wani sirri da za a koya, sai dai Wylis yana tsaye a gefe. Da muryar Meera ta ratso, shi ne ya ce wa Bran ya saurari abokiyarsa. A ganina da gangan ya ajiye yaron a wurin domin a rufe da'irar, kuma idan ana neman wanda za a tuhuma, daga kansa ya kamata a fara.

Game da batun Aerys da kika tambaya, 'yar'uwa, na fahimci abin da ya sa ya samu karɓuwa. Mako ɗaya bayan kashin ƙofa, a kashi na 6, an nuna Bran yana ganin hotuna a jejjere, a cikinsu har da Mahaukacin Sarki a kan karaga yana ihun a ƙone su duka, da Jaime yana soka masa takobi. Masu hasashe suka ce ga wani mutum ma da ya maƙale a kan magana ɗaya kamar Hodor, kuma tunda wuta ce maganin matattu masu tafiya, wataƙila Bran ne ya je ya yi masa raɗa game da su, shi kuwa ya juya maganar a kan mutanen birninsa. Hasashe ne mai daɗin ji, amma ban karɓe shi ba. Wylis a cikin minti ɗaya ya karye, daga yaro mai magana zuwa mai kalma ɗaya. Aerys kuwa a hankali ya lalace cikin shekaru masu yawa, kuma littattafai sun ba da dalilai: auren jini ɗaya da gidan Targaryen ya daɗe yana yi, da kuma tsare shi da aka yi a Duskendale na kusan rabin shekara kafin Barristan Selmy ya fitar da shi, wanda bayansa zargi da tsoro suka cinye shi. Bugu da ƙari, labarin da Jaime ya ba Brienne a wurin wanka a Harrenhal, a zango na 3, ya nuna sarkin da ya tsara ɓoye koriyar wuta a ƙarƙashin birni da cikakken shiri. Wannan aikin mugu ne mai dabara, kuma idan aka ce raɗar Bran ce ta sa shi, an wanke shi ke nan daga laifin da labarin ya gina yaƙi guda a kansa.

Ƙanwar Kowa ta amsa:

Yayyena, ni ina cikin waɗanda suka yi imani da cewa Bran shi ne Sarkin Dare, kuma wannan kashin ne ya sa ni. A cikinsa aka nuna Leaf tana cusa baƙin dutsen nan mai kaifi a ƙirjin wani mutum da aka ɗaure a jikin farar bishiya, idanunsa suka rikiɗe suka zama shuɗaye. Tunda an gargaɗi Bran cewa wanda ya daɗe a can zai iya nutsewa, sai muka ce wataƙila ya koma baya domin ya hana wannan aiki, ya shiga jikin mutumin, ya kasa fitowa. Wasu kuma suka ce shi ne Bran Magini da ya gina Ganuwa mai tsayin ƙafa 700 kimanin shekara 8,000 da suka wuce, wasu suka ce tabon hannunsa zai karya tsarin Ganuwar kamar yadda ya karya na kogo.

Babu ko ɗaya da ya tabbata. Bran ya ratsa Ganuwa a farkon zango na 7 babu abin da ya faru, a ƙarshen zangon kuma dodon nan Viserion ne ya rushe ta a Eastwatch. Ranar 28 ga Afrilu, 2019, Arya ta kashe Sarkin Dare Bran yana zaune a gabansa, kuma amfanin tabon bai wuce sanya Bran ya zama tarko ba. Rashin cikar hasashena bai dame ni ba kamar yadda wannan ya dame ni: an nuna mana cewa yaron nan yana iya isa ga mutumin da ke shekarun baya, aka biya wannan sani da ran Hodor, sannan ba a sake amfani da shi ba har shirin ya ƙare.

Mai Bibiya ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Malam Mai Lissafin Zamani, ka gamsar da ni a kan Aerys, amma ba ka gamsar da ni a kan Bran ba. Ko da zaren guda ɗaya ne, a lokacin da Bran ya miƙa hankalinsa ya kama Hodor bai san da wata da'ira ba. Abin da ya sani shi ne yana cikin haɗari kuma ga jikin da ya saba ara. Kasancewar abu rubutacce ba ta sauya niyyar wanda ya aikata shi. Sai dai maganarka a kan tsohon ta buɗe mini ido, domin ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa ya zaɓi wannan farfajiyar ba. Har yanzu dai tambayata ta farko tana nan: a daidai lokacin da hannayen matattu suka fasa katako suna yagar fuskarsa, wane ne yake tsaye a wurin?

Mai Kallon Tsanaki ta amsa:

'Yar'uwa, wannan tambayar ce ta sa na sake kallon mintocin ƙarshe sau da yawa, ina tsayarwa ina komawa, kuma ga abin da na gani.

A gidan Craster, lokacin da Bran yake cikin jikin Hodor, fuskar ba ta Hodor ba ce. Tsoro ya ɓace daga cikinta, motsin ya zama na mai niyyar kisa. A bakin ƙofa kuwa, ki dubi yadda Kristian Nairn, wanda ya fito a matsayin Hodor, ya riƙe fuskarsa: tsoro ne tsantsa da zafi, irin wanda muka saba gani a wurin Hodor tun farkon shiri, amma duk da haka bayansa bai bar katakon ba. A can farfajiya kuma Bran ba ya kama da mai sarrafa kowa. Tsaye yake yana kallon Wylis, Wylis ma ya juyo kamar yana ganinsa, idanunsa suka yi fari ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, Nan, mai rainon yaran gidan, ta rugo ta durƙusa a kansa. Umarnin ma ba daga bakin Bran ya fito ba. Meera ce take ihu tana jan katako cikin dusar ƙanƙara, muryarta ta bi ta cikin Bran ta isa kunnen yaron, yana nanata kalmomin Turancin nan uku, Hold the door, wato riƙe ƙofa, suna haɗewa a bakinsa har suka koma Hodor.

Saboda haka ni na raba abin gida biyu. Tashin farko, na yarda da Malam Tsohon Makaranci, tilas ne, Bran ne ya ɗaga shi. Tsayuwar ƙarshe kuwa ina ganin ta Hodor ce. Za a ce mini ai tun yana yaro aka dasa masa, kuma gaskiya ne, amma ni wannan ne ma yake ƙara masa girma a idona. Idan Wylis ya ɗanɗani wani abu na mutuwarsa a ranar nan, to ya rayu da shi tun yana yaro har gemunsa ya yi furfura, ya ga an haifi Bran, ya goya shi daga Winterfell zuwa bayan Ganuwa, yana kusantar ƙofar da kowane taku. A kashi na 2 na wannan zangon, da Bran ya dawo daga ganin Wylis yana magana, ya tambaye shi abin da ya same shi, Hodor ya amsa da kalmarsa ɗaya tilo. Mun ɗauka bai ba da amsa ba, ashe cikakkiyar amsar ce ya bayar.

Akwai kuma abin da zai taimaka wa wannan muhawara. David Benioff da D. B. Weiss, waɗanda suka rubuta kashin, sun bayyana cewa asalin sunan Hodor daga bakin Martin suka ji shi, ba su suka ƙirƙira ba. Ke nan sirrin yana ɓoye cikin sunan tun littafin farko na 1996, shekara 20 kafin a nuna wannan kashi da Jack Bender ya ba da umarnin ɗaukarsa. A littafi sunan yaron Walder, ba Wylis ba, kuma babukan Bran daga cikin kansa ake ba da su, muna jin abin da yake tunani da abin da yake ji a jikin da ya shiga. Kyamara ba ta iya nuna mana wanda yake bayan idanun nan, shi ya sa muke ta karanta fuska muna saɓani. Idan labarin ya kai wannan wuri a rubuce ta bakin Bran, abu na farko da zan duba shi ne ko yana cikin jikin lokacin da ƙofar ta fara tsagewa, ko kuwa ya riga ya fita ya bar Walder shi kaɗai.